RUƊEWA DA MANTUWA BAYAN TIYATA: BA HAUKA BA NE

Wannan jawabi ne da aka shirya domin malamai su karanta wa ɗalibai a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa.



Akwai wani abu da yake tayar wa iyali hankali a asibiti. An kai dattijo an yi masa tiyata. Likita ya ce aiki ya yi kyau. Kowa ya yi hamdala. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai dattijon ya canza. Ya kasa gane ɗansa. Ya ce yana ganin mutane a bango. Ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ce gona za shi. Sai wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce hauka ne.

Jama'a, likitoci sun san wannan matsala. Ciwo ne mai dalili, kuma yawanci yana wucewa. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne maganin sa barci. A wajen masu tiyatar zuciya aka yi bincike mai yawa a kansa. Saboda haka daga can za a fara bayani.

MECE CE TIYATAR JIJIYAR ZUCIYA?

Zuciya tana tura jini ko'ina a jiki. Ita ma tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Kitse yakan toshe su sannu a hankali. Hawan jini, da ciwon suga, da shan taba suna ƙara wannan toshewa.

Mai lambu a fadamar Gulbin Rima ya san abin da zai yi idan hanyar ruwa ta toshe. Zai haƙa wata a gefe, ruwa ya ratse ya isa fangali. Haka likita yake yi. Yakan ɗauko jijiya mai lafiya daga ƙafa ko ƙirji, ya haɗa ta, jini ya kewaye wurin da ya toshe. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina mai suna René Favaloro ya shahara da wannan aiki a birnin Cleveland na Amurka tun 1967. A Nijeriya kuwa, an fara tiyatar buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974.

Aikin yakan ɗauki awoyi. Sau da yawa ana tsayar da zuciya, wata na'ura ta riƙe aikinta. Bayan an gama, ana kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Yakan yi wasu awoyi na'ura tana taya shi numfashi, ana ci gaba da ba shi maganin sa barci.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A 2001, likitocin Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da sakamakon bincike a kan mutum 261 da aka yi wa wannan tiyata. Sun gwada tunaninsu kafin aiki da bayan aiki. Lokacin sallama, kashi 53 cikin 100 tunaninsu ya ragu. Bayan wata 6 adadin ya sauko zuwa kashi 24. Amma bayan shekara 5 ya koma kashi 42.

Wannan ya tsorata mutane. Daga baya likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka sake dubawa. Suka kwatanta waɗanda aka yi wa tiyata da masu ciwon zuciya da ba a yi wa ba. Bayan shekaru, raguwar tunanin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce. Ke nan ba tiyata kaɗai ke da laifi ba. Cutar da ta toshe jijiyar zuciya tana taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Don haka kada tsoron mantuwa ya hana kowa aikin da zai ceci ransa.

INA RUWAN MAGANIN SA BARCI?

Magungunan sa barci iri-iri ne. Akwai wani da ake kira midazolam. Idan yana jikin mutum, abin da ya faru a lokacin ba ya zama a kansa. Kamar ɗalibi ne yana rubutu a allo, wani yana bin sa yana gogewa. Wannan yana da amfani, domin mutum ba zai tuna wahalar ɗakin tiyata ba. Abin da ya sani tun da can, kamar sunan 'ya'yansa da iyakar gonarsa, maganin ba ya goge shi.

Sai dai jikin tsoho ba ya fitar da magani da wuri kamar na saurayi. Hanta da ƙoda sun rage ƙarfi. Maganin yakan daɗe a jini. An lura cewa idan aka daɗe ana ba tsofaffi irin wannan magani a ɗakin kulawa ta musamman, sun fi saurin ruɗewa.

Shi ya sa likitoci suka shiga neman wanda ya fi sauƙi. A 2016, a birnin Toronto na Kanada, an gwada magani biyu a kan mutum 183 masu shekara 60 zuwa sama bayan tiyatar zuciya. Waɗanda aka ba furofofol, kusan ɗaya cikin uku ya ruɗe. Waɗanda aka ba deksmedetomidin, ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Amma a 2020 an fitar da wani bincike mafi girma a Amurka, mai mutum kusan 800. A can deksmedetomidin bai rage ruɗewa ba.

Darasin a fili yake. Canza magani kaɗai ba ya kawar da matsalar, domin hannu da yawa ke kawo ta. Akwai tsufa. Akwai zafin ciwo, da zazzaɓi, da ƙarancin ruwa ko jini a jiki. Akwai rashin barcin dare. Akwai kuma ƙwayoyin da mutum ya saba sha tun yana gida.

ME YA SHAFI MUTANEN SABON BIRNI DA ISA?

Wani zai ce tiyatar zuciya ta masu zuwa Abuja ko Masar ko Indiya ce. Gaskiya ne, ba kowa ke kaiwa can ba. Amma ruɗewa ba ta tsaya ga tiyatar zuciya ba. Tana iya biyo bayan aikin gwaiwa, ko na mafitsara, ko na karaya. Ana kai mutanen wannan yanki asibitocin Isa da Sabon Birni. Ana kai su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wasu kuma Maraɗi suke tsallakawa.

Ga kuma maganar da ta fi kusa da gida. Ƙwayar diyazefam, wadda aka sani da baliyam ko D5, dangin midazolam ce. Haka ma wadda ake kira rochi. Wasu suna sayen su a kemis ko wajen masu talla a kasuwa ba tare da takardar likita ba. Wani gajiyar noma ce ta sa shi. Wani kuma fargabar rashin tsaro ce ta hana shi barci. Idan aka daɗe ana sha, jiki yakan saba. Ranar da aka kwantar da mutum a asibiti ya daina sha farat ɗaya, zai iya ruɗewa, ya yi rawar jiki, har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. Idan likita bai sani ba, zai yi ta lalube cikin duhu.

YADDA AKE GANE TA

Tana zuwa ne cikin kwanakin farko bayan aiki. Takan zo ta tafi. Da safe mutum lafiya lau, da dare sai sambatu. Iri biyu ce. Wani yakan yi ta fizge-fizge da faɗa. Wani kuma yakan yi shiru, ya yi ta gyangyaɗi, ya ƙi abinci. Wannan na biyun ya fi ɓoyuwa, domin sai a ce hutawa yake yi. Yawanci takan wuce cikin kwanaki. Mantuwa da nauyin tunani kuwa suna iya kai makonni ko watanni kafin su sake shi.

AIKIN IYALI

Na ɗaya, kafin tiyata a gaya wa likita gaskiya. A kai masa duk maganin da mara lafiya yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Idan yana shan baliyam ko tiramol ko giya, a faɗa. Ba abin tonon asiri ba ne. Mai ɓoye ciwonsa shi ke wahala.

Na biyu, a gaya wa likita idan dama tsohon ya fara mantuwa, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Na uku, mai jinya ya zama wanda mara lafiya ya sani sosai. Ya riƙa gaya masa inda yake, da ranar da ake ciki, da lokacin salla. A yi magana a hankali. Kada a yi masa gardama ko dariya.

Na huɗu, idan yana sa tabarau a mayar masa da shi. Da rana a bar haske ya shigo. Da dare a rage surutu. Kada 'yan dubiya su cika ɗaki.

Na biyar, idan likita ya ba da izni, a taimaka masa ya ci, ya sha, ya tashi ya taka.

Na shida, da zarar an ga canji a kira ma'aikatan jinya. Ruɗewa tana iya zama alamar zazzaɓi ko ƙarancin jini. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan na gaggawa ne.

Na bakwai, kada a sayo masa ƙwayar barci don ya natsu. Ƙara wa wuta makamashi ne. Kada kuma a ɗauke shi daga asibiti a tafi neman maganin iska. Addu'a tana da kyau, ana iya yin ta a bakin gadonsa.

Bayan an dawo gida, a yi haƙuri da shi. Kada a bar shi ya hau babur ko ya riƙe lissafin ciniki sai ya dawo daidai. Idan mantuwa tana ƙaruwa, a koma asibiti.

Ga ɗalibin da ya iya rubutu, nan iliminsa zai yi rana. Ya samu takarda ya rubuta sunayen magungunan tsohonsa. Ya rubuta ranar da ruɗewar ta fara, da lokacin da take tashi. Ya miƙa wa likita. Wannan 'yar takarda za ta iya gajarta jinya.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya lada. Amin.