Idan an roƙe mu mu sa jaririnmu cikin gwajin magani

Jawabin da ma'aikatan sashen kiwon lafiya suka gabatar a taron iyaye da unguwarzoma

 Dukanmu mun san gidan da aka yi haihuwa da murna, kafin a yi suna murnar ta koma makoki. Kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar yaro. Saboda haka likitoci suna ta neman magunguna da hanyoyin jinya da suka fi na da, kuma ba za su san wanda ya fi ba sai sun gwada. Wata rana za a iya tarar ɗayanmu a asibiti a ce, “Muna yin bincike, ko za ku yarda mu sa jaririnku?” Gara mu yi tunanin amsarmu tun yanzu, kafin ranar ruɗewa.

Mene ne gwajin magani?

Ku tuna da sura ta farko ta littafin Daniyel. An ba shi da abokansa kayan lambu da ruwa har kwana 10, sa'an nan aka kwatanta su da samarin da suke cin abincin sarki. Haka gwaji yake tafiya. Ana raba jarirai marasa lafiya kashi biyu ko fiye. Wani kashi ya karɓi maganin da aka saba, wani ya karɓi wanda ake gwadawa. Ƙuri'a ce take raba su, don kada son rai ya shiga. A gwajin kirki ba a barin jariri mai ciwo mai tsanani ba magani.

Tsoronmu yana da dalili

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara wajen 200. Yara 11 sun rasu, waɗansu cikin masu karɓar sabon maganin, waɗansu cikin masu karɓar tsohon. Iyaye da yawa sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Yanzu dole kwamitin ɗa'a ya duba kowane gwaji kafin a fara, hukumar NAFDAC kuma ta ba da izinin gwajin magani.

Amfanin da muka riga muka ci

Daga 2011 zuwa 2013 an yi wani gwaji mai suna AFRINEST a Kongo, Kenya da Nijeriya, ciki har da yankin Zariya. An sa jarirai 'yan ƙasa da wata biyu masu alamun ciwon ƙwayoyin cuta, waɗanda aka ce a kai su babban asibiti amma iyayen ba su iya ba. Maganin da aka saba shi ne allura biyu kowace rana har kwana bakwai. Gwajin ya nuna cewa rage yawan alluran tare da ba da maganin sha na amoxicillin yana aiki daidai da wancan. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bin wannan hanya a inda zuwa babban asibiti ya gagara. Maganin chlorhexidine da ake shafa wa cibiya shi ma sai da aka gwada shi a ƙauyukan Nepal, Bangladesh da Pakistan. Iyayen da ba mu taɓa gani ba sun yarda, 'ya'yanmu suna moriya.

Tambayoyin da za mu yi kafin mu amsa

1. Wane ciwo ake bincike a kai, wane magani kuma za a ba jaririn?
2. Idan mun ƙi, wane magani zai samu?
3. Wace illa ce za ta iya faruwa, wa kuma zai biya kuɗin jinyarta?
4. Za a ɗebi jini? Sau nawa, ina kuma za a kai shi?
5. Wane kwamiti ne ya amince da binciken?
6. Wa za mu kira idan jikin ya tsananta da tsakar dare?

Dole a yi mana bayani cikin harshen da muke ji. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wani da ya amince da shi ya zama shaida, a karanta masa takardar duka kafin ya dangwala yatsa, a kuma ba shi kwafi ya tafi da shi gida. Idan mun ƙi, ba wanda yake da iko ya hana jaririnmu jinya. Idan mun yarda yau, gobe muna iya janyewa. Kuɗin mota ko sabulu da za a ba mu kada su rufe mana ido. Maigida da uwargida su tattauna tare, kada a tilasta wa mai jego, kada kuma maƙwabta su zarge ta a kan abin da suka zaɓa.

Abu biyu da kada mu manta

Rigakafin da ake yi wa jarirai, kamar na tarin fuka da na shan inna, an gama gwada shi tun da daɗewa, kada tsoron bincike ya hana mu kai su. Kuma idan jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana mugunya, a kai shi ɗakin shan magani a ranar, kada a jira gari ya waye.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su karanta tambayoyin nan shida a taronsu na gaba, kowace ikkilisiya kuma ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu da zai riƙa raka iyaye asibiti. Allah ya raya mana 'ya'yanmu.