Me Ya Sa Imel Ɗin Ƙungiyarku Yake Faɗawa Sifam?

Yau da masu ƙananan ƙungiyoyi da ƙananan 'yan kasuwa nake, waɗanda suka sayi domen, wato adireshin kansu a intanet, suka buɗe imel da shi. Ka tura takardar neman tallafi, ka ji shiru, ka ce an raina ka. Sau tari ba wanda ya gani ma, saƙon yana can kwance a sifam.

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara. A ƙa'idar Gmail, duk mai turo saƙo sai ya zo da shaidar SPF ko DKIM, mai tura 5,000 a rana kuwa sai ya haɗa duka biyun, ya ƙara da DMARC.

Kar haruffan su tsorata ku, 'yan layuka ne da ake rubutawa a saitin DNS na domen. SPF jerin sabobin da ka yarje wa su aika saƙo da sunanka ne. DKIM hatimi ne a jikin kowane saƙo. DMARC kuma umarninka ne: idan saƙo ya zo da sunana babu shaida, ga yadda za a yi da shi.

A baki da sauƙi. Amma layin SPF ɗaya tak ake yarda da shi. Kamfanin da ke riƙe maka shafi ya ba ka nasa, manhajar da kake tura sanarwa da ita ta ba ka nata, ka liƙa duka biyun, shikenan ka kashe su gaba ɗaya. Haɗe su ake yi a layi guda. Ko a hakan, binciken DNS da layin zai jawo bai wuce 10 ba, in ya wuce ya rushe. Kuma abin haushin, babu wanda zai sanar da kai. Kana ta turawa abinka.

Sai DMARC. Wani ya karanta cewa p=reject ya fi tsaro, ya ɗora tun ranar farko, ya wayi gari rasit ɗin da shafinsa ke aika wa masu saye ana korarsu. Fara da p=none, ka duba rahoto na 'yan makonni. Rahoton ma da XML yake zuwa, wallahi kamar ba don mutane aka rubuta ba.

A ganina an tsara abin nan ne da tunanin kamfani mai ma'aikatan kwamfuta, ba ƙungiyar mutum biyar ba. Amma bari ba mafita ba ce, domin domen da ba shi da waɗannan layuka, ɗan damfara na iya ara sunansa ya nemi gudummawa.

Kafin komai, ku tambayi kanku: wa ke riƙe da kalmar sirrin shiga DNS ɗinku? In yaron da ya haɗa muku shafi ne shekara uku baya, ku neme shi a makon nan, tun lambarsa tana shiga.