HASKEN ALTIRABAYOLET A NA'URORIN SANYAYA GIDA DA ƊUMAMA SHI: AMFANINSA DA IYAKARSA

Takardar da Kwamitin Lafiya da Muhalli ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya



GABATARWA

Muna godiya ga uwar Ƙungiya da ta ba mu wannan dama ta tsayawa gabanku. Tun bayan annobar korona ta shekarar 2020, kasuwa ta cika da na'urorin da ake cewa suna tsabtace iskar ɗaki da hasken altirabayolet, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan UV. 'Yan'uwanmu mazauna birane sun yi ta tambayarmu ko ya dace su ƙara kuɗi su sayi iyakwandishan mai irin wannan fitila. Wasu kuma mazauna ƙasashen waje, cikin kyakkyawar niyya, sun kawo shawarar a sa ta a zauren taro da ɗakin shan maganin da Ƙungiya ke ɗawainiya da su. Kuɗin Ƙungiya gumin mambobinta ne, saboda haka muka ga bai kamata a yi cinikin biri a sama ba. Za mu bayyana mene ne wannan haske, inda yake aiki, inda ƙarfinsa ke ƙarewa, da haɗarin da ke tattare da shi.

MENE NE WANNAN HASKE?

Hasken rana ya ƙunshi launuka, kamar yadda muke gani a bakan gizo, daga ja har zuwa mai kama da shuni. A shekarar 1801 wani masanin kimiyya Bajamushe, Johann Ritter, ya gano cewa gaba da launin ƙarshe akwai wani haske da ido ba ya gani, amma yana sauya sinadarai. Shi ne altirabayolet. Ana auna zangon haske da nanomita, wato milimita ɗaya an raba ta gida miliyan. Masana sun kasa shi uku: UV-A daga nanomita 315 zuwa 400, UV-B daga 280 zuwa 315, sai UV-C daga 100 zuwa 280.

Wanda ya shafe mu a yau shi ne UV-C. Rana na fitar da shi, amma sararin samaniya yana tare shi kafin ya iso ƙasa, don haka sai da fitila ake samunsa. Fitilar da aka fi amfani da ita ta yi kama da dogon ƙwan lantarki, tana da ɗan tururin zaiba a ciki, tana ba da haske mai nanomita 254. In wannan haske ya bugi ƙwayar cuta, yakan lalata sinadarin gadonta, ta kasa hayayyafa. Ƙwayar da ba ta hayayyafa kuwa ba ta sa cuta.

A nan muna jan hankali: fitilar duba jabun kuɗi da shuɗiyar fitilar kama ƙwari da muke gani a shaguna duk UV-A ne. Ba su ake nufi ba, kuma ba sa wannan aiki.

TAƘAITACCEN TARIHI

Wannan ilmi ba sabo ba ne. A shekarar 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa. Iyayenmu mata da ke shanya shimfiɗar majinyaci a rana sun daɗe da sanin hakan a aikace. A 1903 likita Niels Finsen na ƙasar Denmak ya sami lambar Nobel saboda maganin tibin fata da haske.

Daga 1937 William Wells ya rataya irin waɗannan fitilu a saman azuzuwan wasu makarantu a yankin Filadelfiya ta Amurka, ya kuma ga ƙyanda ta ragu tsakanin yaran da ke waɗannan azuzuwa. Da aka maimaita gwajin a wasu wurare, sakamakon bai kai haka ba, domin yaran kan ɗauko cutar a mota da gida da wajen wasa. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, Richard Riley ya ja iskar ɗakin masu tarin fuka a wani asibiti a Baltimo zuwa kejin ɓerayen masar. Waɗanda suka shaƙi iskar yadda take, da dama sun kamu. Waɗanda aka haska tasu iskar da UV-C, ko ɗaya bai kamu ba. Wani bincike da aka buga a 2009 daga birnin Lima na ƙasar Peru ya sami kashi 35 cikin ɗari na dabbobin gwaji sun kamu in babu fitila, amma kashi 9.5 kacal in an kunna ta a saman ɗakin jinya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hanya cikin matakan da take ba da shawara a kai don rage yaɗuwar tarin fuka a asibitoci da wuraren cunkoso.

Sai dai a lura: duk waɗannan nasarori an same su ne da fitilu masu ƙarfi, waɗanda ƙwararru suka tsara suka auna. Ƙaramar fitilar da ake cusawa cikin na'urar gida wani batu ne dabam.

YADDA AKE SA TA A GIDAJE

Al'adar sa wannan fitila a gida ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada, saboda yadda suke gina gidajensu. A can, yawancin gidaje na da na'ura guda ta tsakiya: tana ɗumama iska lokacin sanyi, tana sanyaya ta lokacin zafi, babbar fanka kuma tana tura ta cikin manyan bututu zuwa kowane ɗaki, ta dawo ta sake zagayawa. Tun da duk iskar gida ta hanya ɗaya take bi, sai suka ga akwai wurin da za a tare ta.

Wuri biyu ake kafa fitilar. Na farko shi ne kusa da kwayil, wato nannaɗaɗɗen bututun ƙarfen da ke ɗaukar sanyi. Raɓa na taruwa a jikinsa tana ɗiga cikin faranti, wurin ga duhu ga laima ga ƙura, don haka funfuna da bakteriya ke samun masauki. Ruwa ba ya tsami banza: warin rumar da kan bugi hanci in an kunna tsohuwar iyakwandishan daga nan yake fitowa. A nan fitila tana aiki ƙwarai, domin kwayil ba ya motsi, haske na dukansa dare da rana. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda aka yi a wasu ofisoshi uku a birnin Montiriyal na Kanada da ma'aikata 771, ya sami raguwar ƙwayoyin cuta da kashi 99 cikin ɗari a wuraren da hasken ke bugu, ma'aikatan kuma suka rage kukan matsalolin numfashi. Kwayil mai tsabta yana kuma barin iska ta wuce ba wahala.

Wuri na biyu shi ne cikin bututun iska, da nufin kashe ƙwayoyin da ke shawagi. A nan ne gizo ke saƙa. Kisan ƙwayar cuta ya dogara ga abu biyu: ƙarfin haske da tsawon lokacin da ta yi a ƙarƙashinsa. Iska a cikin na'ura kan yi gudun mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa ɗaya, ko fiye, saboda haka ƙwayar kan gifta gaban fitila cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Wanki ba ya bushewa don an gifta da shi ta rana. Wasu ƙwayoyi marasa ƙwari kan mutu, amma irin funfuna, mai taurin ɓawo, kan wuce lafiya lau. Shi ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa tasirin irin waɗannan fitilu na gida taƙaitacce ne, kuma ƙari ne a kan matatar iska, ba madadinta ba.

MU FA A NAN GIDA?

Jama'a, gidajenmu ba irin nasu ba ne. Mai hali a cikinmu iyakwandishan ta bango ko ta taga yake da ita, ɗaki ɗaya na'ura ɗaya. Mutane da yawa ba su san cewa ta bango ba ta shigo da sabuwar iska daga waje ba. Iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar. In mai tari yana cikin rufaffen ɗaki da mutum goma, numfashinsa suke shaƙa kafin iskar ta kai ga kowace fitila. Ƙananan fitilun UV da wasu kamfanoni ke sawa a irin waɗannan na'urori galibi fanka ko kwayil suke tsabtacewa. Wannan amfani ne, amma ba shi ne tsabtace iskar ɗaki ba.

Sannan mu tambayi kanmu: me ya fi ɓata iskar gidajenmu? Na ɗaya, ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana lulluɓe mu daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Na biyu, hayaƙin icce da gawayi da kananzir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarta. Na uku, gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, da ke fita daga janareta da kuma kaskon wutar da muke shiga da shi ɗaki lokacin sanyi, wanda shi ne na'urar ɗumama gidan talaka. Hasken UV ba ya rage ko ƙwayar ƙura ɗaya, ba ya kawar da hayaƙi, ba ya taɓa wannan guba. Hasali ma ƙurar da ta hau kan ƙwan fitilar tana dushe ƙarfinsa, haka nan in babu wuta babu aiki, yawan ɗaukewa da dawowar wuta kuma yana rage masa kwana.

HAƊARIN DA KE CIKINSA

Hasken da ke lalata ƙwayar cuta ba ya bambanta ta da ƙwayar idon mutum. Wanda ya kalli ƙwan UV-C a kunne, ko na ɗan lokaci ne, zai iya samun irin ciwon idon masu walda. Ba ya ji nan take, sai bayan sa'o'i ido ya yi ja, ya riƙa ji kamar an zuba masa yashi. Yana kuma ƙona fata. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da wasu fitilun UV na hannu da ke fitar da hasken da ya wuce ƙima. Irin waɗannan kaya suna shigowa kasuwanninmu, kuma yaro abin wasa zai ɗauke su.

Akwai ƙwayayen da ke fitar da haske mai nanomita 185, wanda ke haifar da iskar ozon, mai fusata huhu da tayar da asma. Hasken yana kuma tsofar da roba da rigar wayar lantarki in ba a kare su ba. Ƙwan yakan yi aiki kimanin sa'o'i 9,000, wato wajen shekara guda in ba a kashe shi, kuma zai ci gaba da ba da shuɗin haske bayan ƙarfinsa ya ragu, mai gida na zaton yana da kariya. In ya fashe kuwa, akwai zaiba a ciki. Akwai sabon nau'i mai nanomita 222 da bincike ya nuna bai kai na 254 ratsa fata da ido ba, amma yana da tsada, shi ma yana iya haifar da ɗan ozon.

SHAWARWARI

1. A fara da toshe tushen ɓarna. Janareta ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. A yi wa madafa mafitar hayaƙi.

2. A bar iska ta ratsa ɗaki. Mai iyakwandishan ya riƙa buɗe tagogi na wani lokaci kullum, in ba ranar da hazo ya yi tsanani ba. Masu sabon gini su sa tagogi masu fuskantar juna.

3. A riƙa wanke ragar tace ƙura ta iyakwandishan duk mako biyu, musamman da hunturu, a kira mai gyara ya wanke kwayil da hanyar ruwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai asma a gida, in da hali, ya fi buƙatar na'ura mai matata irin ta HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓarɓashi mai girman maikiron 0.3.

4. Wanda ya yi waɗannan duka kuma yana son fitilar UV, ya ɗauke ta a matsayin mai tsabtace kwayil. Ya tabbata a rufe take cikin na'ura, ba ta fitar da ozon, kuma akwai inda zai sami ƙwan canji. A kashe wuta kafin a buɗe na'urar.

5. Game da zauren taro, ra'ayin Kwamiti shi ne a kashe kuɗin wajen ƙara tagogi da fankoki da gyaran na'urorin da ake da su.

6. Game da ɗakin shan magani, Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, saboda haka batun ya cancanci dubawa. Amma a fara da rumfar jira mai buɗaɗɗen gefe, da ware masu tari a duba su da wuri. Fitilar saman ɗaki tana buƙatar rufi mai tsawo, fanka mai gauraya iska, tsayayyiyar wuta, da ƙwararre mai na'urar auna haske. In ba a tanadi waɗannan da kuɗin kula na kowace shekara ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaban Taro, ba mu zo don mu kushe kimiyya ba, ba kuma don mu sanyaya gwiwar 'yan'uwanmu masu son kawo ci gaba ba. Hasken altirabayolet makami ne na gaskiya wanda ya shafe shekaru sama da 80 ana gwada shi a makarantu da asibitoci. Abin da muke roƙo shi ne a sa shi a muhallinsa, bayan an kawar da hayaƙi, an buɗe taga, an wanke matata. Muna kira ga shugabannin rassa da ƙungiyar mata su kai wannan saƙo unguwa-unguwa kafin sanyin bana ya kankama, musamman gargaɗin janareta da kaskon wuta, domin shi ne wanda ba ya jiran gobe.