Adana Takardun Tarihin Zangonmu Aikin Gayya Ne

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiya ya gabatar wa mambobi a Sheda



An ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya binciko yadda za mu tattara takardun tarihin zamanmu a nan Sheda, mu adana su. Mun duba yadda masu wannan sana'a suke yi a nan gida da ƙasashen waje, kuma abin da muka samo bai wuce magana guda ba. Takardar da aka ajiye amma babu wanda ya san tana nan, ko ya san inda take, da ita da wadda gara ta cinye duk ɗaya ne. Saboda haka jawabinmu na yau a kan rajista ne, abin da malamai suke kira fihirisa, da kuma dalilin da ya sa gida ɗaya ba zai iya yin ta shi kaɗai ba.

To, jama'a, waɗanne takardu ne muke da su? Akwai yarjejeniyar filaye da gonaki wadda iyayenmu suka yi da masu gari. Akwai littafin da sakatarorin ƙungiya suke rubuta abin da aka zartar a taro, da rasitan gudummawar ginin masallaci da makarantar Islamiyya. Akwai takardun ɗaurin aure da na rabon gado, da wasiƙun da aka yi ta aikowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, wasu da boko wasu da ajami. Akwai hotunan naɗin sarauta da kaset-kaset na wa'azi da na biki. Dukkansu suna nan warwatse, wasu a adaka, wasu a gafaka, wasu a ƙarƙashin katifa. Mai gida kaɗai ya san inda suke, ranar da ya kwanta dama kuwa sai a shiga lalube.

Kada wani ya ce ai zamanmu a nan bai yi tsawon da za a kira shi tarihi ba. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya. Ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja. A 1996 aka ƙirƙiro ƙaramar hukumarmu ta Kwali. Wanda ya zo nan da ƙuruciyarsa lokacin da aka fara aikin birni, yau dattijo ne mai jikoki, kuma kowace shekara muna raka wasu daga cikinsu makwanci.

Ga kuma maganar ƙasa, wadda ita ce ta fi taɓa kowa. Dokar 1976 ta damƙa dukkan filayen wannan yanki a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma tun zamanin Minista Nasiru El-Rufa'i, wato 2003 zuwa 2007, aka zuba rajistar filayen Abuja cikin kwamfuta a ofishin AGIS. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta zama takardar mallaka ta gwamnati ba, wannan kowa ya riƙe shi da kyau. Amma ita ce shaidar yaushe muka zo, wa ya sauke mu, kuma a kan wace yarjejeniya. Ranar da aka zo ƙidayar gidaje, ko 'ya'yan masu gari da namu suka sami saɓani a kan iyaka bayan iyaye sun kau, da me za a raba gardama? Baƙon da ba shi da takarda, ko ya shekara hamsin, ana iya ce masa jiya ya zo.

Ba mu ne farkon Hausawan da suka zauna a zango ba, kuma na gaba sun bar mana misali. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a ƙasar Gana ta yau a 1934, ɗan zango ne kamarmu. Ya zauna a Salaga, ya rubuta labaran ƙasar Hausa da ajami, har yau kuwa masana suna ɗiba daga rubutunsa. A shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai, ta ɗauki hotonsu, ta ba kowanne lamba, sa'an nan ta mayar wa masu su kayansu. A nan kusa da mu ma, tarihin tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ya tsira ne domin Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun zauna sun rubuta shi, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952.

A ɓangaren hukuma kuwa, Dakta Kenneth Dike ne ya assasa ofishin adana takardun tarihi na Nijeriya a 1954, daga baya ya sami manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a gidan marigayi Sardauna a Kaduna. Kano tana da Gidan Ɗan Hausa, Sakkwato tana da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Kowanne ya tara dukiya mai yawa. Sai dai idan kowane gida yana rubuta rajistarsa yadda ya ga dama, mai neman wasiƙa guda sai ya ƙare kuɗinsa a mota tsakanin Kaduna da Kano da Sakkwato. Irin waɗannan matsaloli na adanawa da rajista ne suka sa masana suka taru a Arewa House a 2007, suka sake taruwa a 2009, a kan rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙasar nan.

Wannan matsala ta duniya ce baki ɗaya, ga kuma yadda aka ɓullo mata. Majalisar masu adana takardun tarihi ta duniya, wadda aka kafa a 1948, ta fito da ƙa'ida guda a 1994, aka sabunta ta a 2000. Ƙa'idar tana da gurabe 26 da ake cikewa, amma shida ne tilas: lambar takarda, sunanta, wanda ya samar da ita, shekararta, yawanta, da matsayinta, wato takarda ɗaya ce, ko fayil ne, ko kuwa tarin kayan gida guda. Kun ga babu wani abin tsoro a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a shago zai iya.

Sa'an nan aka zo kan manhaja, wato tsarin da ake ɗora wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Tun 1985 hukumar UNESCO ta riƙa raba wata mai suna CDS/ISIS kyauta, ɗakunan karatu da yawa a Afirka sun yi amfani da ita. A 2008 wata ta fito mai suna AtoM, wadda wani kamfani a Kanada ya rubuta tare da goyon bayan waccan majalisa ta duniya. A 2013 jami'o'in Amurka suka haɗa tsofaffin manhajoji biyu suka fito da ArchivesSpace. Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Suna jera takardu kamar bishiya, daga gindi zuwa rassa zuwa ganye: ga kayan ƙungiya, a cikinsu ga littattafan taro, a cikinsu ga na 1998. Ka rubuta suna ko shekara, nan take ta nuna maka akwatin da takardar take, har da hotonta idan an ɗauka.

Amma abin da ya fi burge mu shi ne halin masu amfani da waɗannan manhajoji. Ba a sayar da su, kuma AtoM da ArchivesSpace kowa yana da izinin ya duba cikinsu ya gyara. Saboda haka masu amfani da su sukan yi taro lokaci-lokaci. Wanda ya daɗe a harkar ya zauna da sabon shiga ya nuna masa. Wanda ya ci karo da matsala ya faɗa, wanda ya warware irinta ya ba da dabara. Idan ana bukatar wani sabon gyara, gidaje da dama su haɗa kuɗi a biya mai rubutawa, in an gama kowa ya amfana, har wanda bai ba da ko kwabo ba. Wasu kuma su ɗauki nauyin fassara manhajar zuwa harshensu. Jama'a, wannan ai gayya ce, irin wadda muka gada a gona. Babban gidan tarihi da ƙaramin ɗakin ajiya na ƙauye suna zama a tabarma ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba muna cewa gobe ƙungiya ta fara harhaɗa kuɗin manyan injina ba. Manhajar kyauta ce, amma tana son kwamfutar da za ta zauna a kai, da wuta, da mai lura da ita. Abin farin ciki shi ne AtoM tana karɓar jerin da aka tsara a jadawalin kwamfuta. Ke nan idan muka bi gurabe shida tun yau, ko da a babban littafi ne, aikinmu ba zai tashi a banza ba. Ga shawarwarin kwamiti:

Na ɗaya, a sayi babban littafin rajista, a ja masa gurabe shida, a ƙara biyu: sunan gidan da takardar take, da wanda aka yarda ya gani. A raba lambobi, alal misali SHD/1 kayan ƙungiya, SHD/2 na masallaci da makaranta, SHD/3 na fadar Sarkin Hausawa, daga nan kowane gida da tasa lambar.

Na biyu, ba za a karɓe wa kowa takardarsa ba. Matasa biyu za su zo gida tare da dattijo ɗaya, a rubuta, a ɗauki hoto da waya a gaban mai ita, a miƙa masa abarsa. Wajen iyayenmu mata kuwa mata ne za su shiga, domin mun san wasiƙu da hotuna da yawa a ɗakunansu suke.

Na uku, sirri yana nan a matsayin sirri. Takardar gado ko ta bashi ko ta saki, da kundin malam, za a rubuta cewa suna nan, amma ba mai gani sai da izinin masu su, ba kuma za a sa su a intanet ba.

Na huɗu, hotunan da aka ɗauka a yi musu kwafi uku, ɗaya a ajiye shi a wani gari. Ba mu manta da ambaliyar 2012 ba, wadda ta datse wannan hanya tamu a Lakwaja, ga kuma ta Maiduguri a watan Satumba na 2024. Ruwa da gobara ba sa sallama.

Na biyar, a kula da takardun kansu. A ɗaga su daga ƙasa saboda gara da laima. Kada a ɗaure su cikin leda, gumi yana ruɓar da su. Kada a liƙa musu salatif, kada a manne su cikin roba da zafi irin na katin shaida, domin ba ya ɓaruwa sai da takardar. A cire fil da duk ƙarfen da ke tsatsa. Idan za a rubuta lamba a jiki, a yi da fensir.

Na shida, a fara ɗaukar muryar dattawanmu tun a wannan wata, da na masu gari waɗanda suka sauki iyayenmu. Labarin zuwanmu rabi yana bakinmu, rabi yana bakinsu, kuma rajistar da ta ɗauki ɓangare ɗaya ba za ta raba gardama ba.

Na bakwai, a rubuta wa 'yan'uwanmu na Kwali da Yangoji da Gwagwalada da Abaji da Zuba, a aika musu da samfurin wannan rajista domin mu yi iri ɗaya. Sau ɗaya a shekara masu riƙe da littattafan su haɗu, kowa ya kawo abin da ya gagare shi da abin da ya gano. Dangi da yawa sun rarrabu a waɗannan garuruwa, takardar da ta ɓata a Sheda ana iya samun kwafinta a Zuba.

Daɗin daɗawa, Allah ya ajiye mu a tsakiyar masu ilimi. Ga Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda wadda aka kafa a 1993, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, ga hedkwatar hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, duk a bakin wannan hanya. Neman wanda zai koya wa yaranmu aikin jadawali ba zai yi wuya ba, in dai mun tashi mun nema.

Daga ƙarshe, kwamiti yana roƙon kowane magidanci, idan ya koma gida yau, ya buɗe adakarsa ya ƙirga abin da ke ciki. Muna kuma neman matasa shida, maza uku mata uku, masu karanta boko da ajami, su ba sakatare sunayensu kafin a tashi. Ranka ya daɗe, muna roƙon a fara da fada, domin in jama'a suka ga Sarki ya buɗe nasa akwatin, babu wanda zai ɓoye nasa.