Kafin ka biya kuɗin tirelar ɗaukar babura, ɗauki tef ka auna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

Tun da muka yi maganar taron masu babura na Sturgis, wanda ake yi duk watan Agusta a jihar Dakota ta Kudu, 'yan'uwa mazauna nan Amurka suke ta aiko min da tambaya ɗaya: wace irin tirela zan saya in ɗauki baburana? To yau a kanta za mu tsaya.

Ga waɗanda ke sauraronmu daga gida, bari in ɗan yi bayani. Akwai wata tirela da Amurkawa ke kira toi hola, wato mai jigilar kayan wasa. Gabanta gida ne sosai, da gado da kicin da banɗaki. Bayanta kuma gareji ne. Ƙofar baya ita ce ke saukowa ƙasa ta zama gangara, ka hau da babur ka shiga. Da babbar a-kori-kura ake janta.

Maganata a yau guda ɗaya ce: lambar da aka rubuta a takardar talla daban, filin da baburinka zai samu daban. Ni kuma sai da na yi asara kafin na gane haka.

Shekarun baya ni da wani abokina muka haɗa kuɗi. Kowannenmu yana da babban babur na doguwar tafiya. Muka je wurin wani dila, ya nuna mana tirela, ya ce garejinta ƙafa 10 ne. Na yi lissafi a kaina: irin baburanmu, su Harley Street Glide da Honda Gold Wing, tsawonsu ƙafa 8 ne ko da ɗan ɗori. Na ce ai har da saura. Wallahi ko tef ban ciro ba, muka ajiye kafin alƙalami muka tafi. Ranar da muka kawo baburan, na farko ya shiga lafiya lau. Na biyu ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Hannayensu suka sarƙe, jakunkunan gefe suna gogar juna. Muka fasa cinikin, wani ɓangare na kuɗinmu ya tafi. Uwargida har yau tana min tsiya a kai.

To me ya faru? Mu fara da tsawo. Ƙafa 10 inci 120 ne, kimanin mita 3. Amma tayar gaba ba a jikin bango take tsayawa ba. Akwai ƙarfen da ake kafewa a ƙasa ya riƙe ta, kamar waigin da yaran mota ke sa wa tayar babbar mota, kuma shi ma yana cin fili. Sannan a tireloli da yawa, daɓen kusa da ƙofar baya a karkace yake don sauƙin hawa. Ga ƙofar shiga ɗaki daga gareji, in babur ya tare ta, ba ka da hanyar wucewa. Saboda haka abin da za ka auna shi ne miƙaƙƙen daɓe, daga bango zuwa inda karkata ta fara, kuma ka rufe ƙofar baya ka ga inda take tsayawa daga ciki.

Sai faɗi, nan ne muka faɗa. A galibin manyan hanyoyin Amurka, iyakar faɗin abin hawa inci 102 ne, wato ƙafa 8 da rabi. Wannan daga waje ke nan. Cire kaurin bango. Cire kujerun nan da ake naɗewa a jikin bango, don ko an naɗe su suna nan. A wasu ƙananan tireloli ma akwai ƙusumbin da tayoyi ke yi a cikin daɓe. Babban babur kuwa daga wannan hannu zuwa wancan ya kusa inci 40. Guda biyu, inci 80. Kai kuma ina za ka tsaya ka sauka? Ina igiyar ɗauri za ta bi? Dabarar da ake yi ita ce a tura ɗaya gaba, a ja ɗaya baya, don kada hannayensu su haɗu. Amma ka lura, da zarar ka yi haka, ka ci tsawo. Ƙarancin faɗi da tsawo ake biyan sa. Da na san wannan a lokacin, da ban kalli ƙasa da ƙafa 12 ba.

Kuma don Allah, baburinka za ka auna, ba wanda ke cikin littafin kamfani ba. In ka ƙara akwati a baya, ko dogon gilashin gaba, ko faffaɗan hannu, ai ya tashi daga yadda aka ƙera shi. Auna shi da kayansa.

Bisa kuma, wato daga ƙasa zuwa sama: yawancin irin wannan gareji akwai gadon da ake ɗagawa sama da lantarki. Auna daga daɓe zuwa ƙasan gadon, ba zuwa silin ba. Ka tuna kana zaune a kan babur za ka shiga, da hular kwano a kanka. Ita ma gangarar ka duba ta. In ta cika tsayuwa, cikin babur zai daki bakin daɓe a daidai inda suka haɗu. Akan ɗaga gaban tirelar da jak don bayanta ya yi ƙasa, amma gara ka gwada tun kafin ka saya.

Duba kuma inda aka kafe zobban ƙarfe na ɗaure igiya. Fili ba zobe a inda ya dace, aikin banza ne.

Na ƙarshe, kuma shi ne mai haɗari: nauyi. Fili na iya isa, nauyi ya ƙi. A jikin kowace tirela akwai takarda mai ruwan ɗorawa da ke faɗin iya kayan da za ta ɗauka. Mu yi misali, a ce ta ce laba 3,000, laba ɗaya kuma ta ɗan gaza rabin kilo. Manyan babura biyu, kowanne ya haura laba 800, ka ga 1,700 ta kusa tafiya. Ruwa galan ɗaya laba 8.3 ne, in tankinka galan 100 ne, 830 ke nan. Fetur galan 30, kusan 180. Me ya rage? Bai kai 300 ba, ga abinci, ga kayan aiki, ga kayan sawa.

Kuma inda nauyin ya zauna yana da muhimmanci. Gareji a baya yake, to duk abin da ka loda can yana rage nauyin da ke danne wurin da tirela ta haɗu da mota. A irin wadda ake maƙalawa a bayan mota, ana son wannan nauyi ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimilla. In ya gaza, tana iya fara lilo a kan babban titi, ga iyalinka a cikin mota. Allah Ya kiyaye. Saboda haka bayan ka yi lodi, shiga tashar manyan motoci ka hau sikeli. Kuɗinsa kaɗan ne.

Tirelar da muka saya daga baya, sai da na zana girman baburanmu a daɓenta da tef mai gam, na zagaya na ga akwai hanya, sannan na ce wa dilan ba zan sa hannu ba sai mun shigar da su. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Gani ya kori ji.

Wanda yake da tirela a ransa, ya aiko min da awon baburinsa da na garejin, mu lissafa tare. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi maganar motar da za ta ja. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.