Rubutun Da Ake Aiki Da Shi: Darasi Daga Ruwan Gishiri Da Sukari

Yau zancenmu a kan rubutun fasaha ne, wato irin rubutun da mutum ke karantawa don ya yi wani aiki: takardar da ke cikin kwalin magani, littafin haɗa janareto, bayanin yadda ake saita manhaja a waya. Ni a wajena ma'auninsa ɗaya ne tak. Shin wanda ya karanta zai iya yin aikin daidai, kai ba ka wurin?

Bari mu ɗauki misali. Yaro na gudawa, sai wani ya rubuta: "A zuba gishiri da sukari a ruwa a ba shi." To, nawa? Da wane cokali? A ruwa mai yawan me? In gishiri ya yi yawa, illa zai yi wa yaron. Yanzu ku ji wannan: "A samu lita 1 ta ruwa mai tsafta. A zuba sukari ƙaramin cokali 6, a shafe. A zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe. A juya har ya narke." Kun ga bambancin? Akwai adadi, akwai ma'auni, kuma kowace jimla umarni ɗaya take ɗauke da shi. Kalmar "a shafe" ɗin nan ma ba ado ba ce, don cokali mai tozo daban yake da shafaffe.

To ina bincike ya shigo? Ku zo mu je Bangladesh. Daga 1980 zuwa 1990, ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida suna koya wa iyaye mata wannan haɗin, har suka kai ga gidaje kusan miliyan 12. Amma kafin su fara, sun lura da abin da mai zama a ofis ba zai gani ba: gidajen karkara da yawa ba su da cokalin awo, sukari ma ba kowa ke da shi ba. Abin da ke hannun mutane shi ne gur, wanda kusan mazarƙwailarmu ce. Sai suka mai da ma'aunin ya koma hannu: gishirin da yatsu uku za su ɗebo, gur cikin hannu ɗaya, ruwa kimanin rabin lita.

Kuma ba su tsaya nan ba fa. Sukan koma gidajen da aka koyar, su sa uwa ta haɗa da kanta, su ɗebi ruwan su kai ɗakin gwaje-gwaje a auna gishirin da ke ciki. Wato ba su ce "ai mun yi bayani" ba, sai da suka duba abin da bayanin ya haifar.

Saboda haka bincike iri biyu ne. Na farko, ka san abin da kake rubutu a kai, ka koma tushe, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Na biyu, wanda aka fi mantawa, ka san mai karatunka: me ke hannunsa, wace kalma yake amfani da ita?

Ga mu masu rubutu da Hausa, ga abin kiyayewa. In ka kira abu "manhaja" a sama, kada ya koma wani suna a ƙasa. Gargaɗi kuma ya zo kafin matakin da ke da haɗari, don kada mutum ya gan shi bayan aikin gama ya gama. Sannan kafin ka wallafa, miƙa wa ƙanwarka ko maƙwabcinka, ka yi shiru ka kalli yadda zai bi. Duk inda ya tsaya yana tambayarka, nan ne rubutun ke buƙatar gyara.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.