Jawabin Malamin Lakkol a Taron Ƙungiya: Masassarar Yaro Mai Ciwon Daji



Mu malaman lakkol ba likitoci ba ne, amma ɗiyanku a hannunmu suke wuni, shi ya sa muka roƙi izinin magana.

Ciwon daji yana kama yara, kuma ana warkewa. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Cikin abin da ke kashe namu har da cutar da ke shiga jini lokacin magani.

Ga dalili. Maganin da ake ba su a Yamai, wanda likitoci ke kira shimiyo, yana kashe ciwon, yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun jiki. Sun fi raguwa tsakanin kwana 7 da 14 bayan ƙarin magani, sau da yawa yaro ya riga ya komo gida. Gari ba dakaru, ƙaramin ɓarawo ma sarki ne. Ƙwayar cuta daga gyambon baki ko daga hanji sai ta faɗa jini, kafin gari ya waye yaro ya galabaita.

Saboda haka idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko yana makyarkyata, ko numfashi da sauri, ko barci marar dalili, a tafi likita nan take, ko tsakar dare ne, da takardunsa na Yamai. Ana son allurar antibiyotik ta shiga cikin awa guda da isowa. Kada mu ce masassarar damina ce, mu ba shi parasetamol mu jira. A can za a auna duka biyu.

A auna zafi a hammata, ban da dubura. Ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da cire beli. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a kwana cikin gidan sauro, a nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau.

Roƙonmu ga ƙungiya biyu ne: a sayi ma'aunin zafi, a kuma ware kuɗin mota cikin asusu, don kada uba ya kwana neman rance yaro na kwance.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.